Ku Tambayi Baba Malam: Ina riƙe da aji amma an ce ni ba tica ba ce

Assalamu alaikum mutanen Ikko. Wannan karon saƙonnin da suka taru a wayata kusan duk magana ɗaya suke, maganar takardar koyarwa, da alama masu makarantun kuɗi sun fara matsa wa malamansu lamba ne tunda su ma ana matsa musu daga Alausa, sakatariyar gwamnatin jihar Legas. To na tsinci waɗanda suka fi kama da na sauran, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri ya duba amsar ɗan'uwansa, wataƙila tasa na ciki. Masu turo min saƙon murya na minti tara kuma dan Allah ku tausaya wa tsoho, ku rubuta.

Tambaya: Salam Baba Malam barka da ƙoƙari. Ni matar aure ce a nan Agege, yarana biyu, a Katsina na gama sakandare kafin a kawo ni. Shekara uku kenan ina koyar da 'yan nazare a wata makarantar kuɗi ta unguwarmu kuma wallahi iyayen yara suna yabawa, har wasu cewa suke a bar musu yaransu a ajina, amma albashina ko cefanen sati biyu baya yi, in na yi magana sai mai makarantar tace ai ni ba tica bace taimaka min take yi tunda bani da NCE. Kiredit huɗu gareni, lissafi ne ya kada ni. Dan Allah ta ina zan fara, kuma zai yiwu ba tare da na bar gidana da yarana ba? Daga wata baiwar Allah, Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya raya zuri'a. Zai yiwu mana, waɗanda suka fi ki ɗawainiya sun yi.

Amma bari in fara da mai ɗacin. Maganar matar nan rabinta gaskiya ne. A tsarin ilimi na ƙasar nan NCE, wato shaidar malanta ta kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin takardar da mutum zai riƙe a kira shi malamin makaranta, ko a Daura kike ko a Badagry. Rabin da ba gaskiya ba shi ne wai taimaka miki take. In ke ba tica ba ce me ya sa ta damƙa miki aji shekara uku? Ta samu mai aiki a araha ne kawai, kuma muddin babu takarda a hannunki haka za ta ci gaba da cin moriyar ganga, ranar da ta samu wadda ta fi ki araha ta yar da kwauren. Don haka kar ki yi faɗa da ita, ki riƙe aikin tukuna, zai yi miki amfani nan gaba kaɗan, zan faɗa miki yadda.

Abu na farko lissafin nan. Kar ki tsallake shi. An daɗe ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ko da yake a 2025 gwamnatin tarayya ta sassauta sharaɗin, don haka ki tambayi makarantar da za ki shiga abin da take nema, kuma sa'ar da kika yi yawancin makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu, wato ba sai kin sake rubuta duka darussa da niyyar cinye su gaba ɗaya ba, ki yi rajistar WAEC ko NECO ta 'yan waje ki sa ƙarfinki kan lissafin, sai ki haɗa da tsohon sakamakonki. Ki nemi wani malamin lissafi a makarantar taku ko ɗan maƙota da ya gama sakandare kwanan nan ya riƙa zama da ke bayan la'asar, ku bi tsofaffin tambayoyi shekara-shekara. Kar ki ji kunya, ni da kaina sai da na zauna gaban yaron da na haife shi ya koya min kwamfuta. Kuma dan girman Allah kar ki kai kuɗinki irin cibiyoyin nan da ake cewa za a rubuta wa mutum amsa a allo, in aka kama cibiyar sakamakon kowa ake riƙewa, kin yi asarar kuɗi da shekara.

In lissafi ya fito, hanya biyu ce gabanki. Ta farko ki bi ta JAMB ki nemi kwalejin ilimi ki zauna cikakken karatu na shekara uku. A nan Legas akwai kwalejin ilimi ta tarayya ta fasaha da ke Akoka, kusa da jami'ar Legas, sai dai ita ƙarfinta ya fi a ɓangaren kimiyya da sana'a da kasuwanci. Tsofaffin kwalejojin jiha biyu kuma, Adeniran Ogunsanya ta Ijanikin da Michael Otedola ta Epe, tun 2022 aka haɗe su suka zama jami'ar ilimi ta jihar Legas, wadda ake kira LASUED, can digiri ake yi na shekara huɗu. Makarantu ne masu kyau, amma ki zauna ki lissafa, daga Agege zuwa Ijanikin a kan hanyar Badagry kullum da safe cikin gosulo, ga yara biyu ga girki ga maigida, ni dai ba zan ba ki wannan shawarar ba sai in kina da wadda za ki bar wa gida.

Ta biyun ita ce ta dace da ke. Akwai cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, hedikwatarta na Kaduna kan hanyar Zariya, tun 1976 aka kafa ta kuma dama don irinku aka yi ta, mutanen da suna cikin aji suna koyarwa amma takardarsu ba ta kai ba. Tana da ofis da wuraren karatu a jihohi har da nan. Ana ba ki littattafanki ki karanta a gida, ƙarshen mako ki je a yi muku bita, lokacin jarrabawa ki je ki rubuta. Ya fi na kwaleji tsawo, ki sa shekara huɗu a ranki, amma kina aikinki kina kwana a ɗakinki. Ki je ofishinsu da ƙafarki ki tambayi wurin karatun da ya fi kusa da Agege da kuma lokacin da ake sayar da fom, kar ki aiki kowa. Kuma tun yanzu ki zauna da maigida ku yi maganar a nutse, domin Asabar ɗinki ta tafi kenan har shekara huɗu, biki da suna da yawa za su wuce ki, gara ya sani tun farko da a zo tsakiya a fara cewa karatun nan ya isa haka. Na ga mata da yawa da suka ajiye a shekara ta biyu, kuma ba don kan su bai ɗauka ba.

Wajen zaɓen kwas ki ɗauki na renon ƙananan yara ko na koyarwa a firamare, tunda nan hannunki ya faɗa. Kar ki ce sai kin ɗauki wani abu mai babban suna don mutane su ji.

Sai maganar aikin da na ce ki riƙe. Duk mai neman takardar malanta sai ya yi gwajin koyarwa, abin da ɗalibai ke kira TP, za a tura ki makaranta ki shafe watanni kina shiga aji, kina rubuta shirin darasi kullum, malaminku ya zo ba sanarwa ya zauna a bencin baya da takardarsa yana ba ki maki, yadda kika buɗe darasi, yadda kika yi rubutu a allo, ko kin juya wa yara baya kina magana da allo, ko kin kira na bayan aji ko 'yan gaba kawai kike yi da su. Wannan shi ke firgita ɗalibai. Ni ranar da aka fara zuwa duba ni, darasin minti 40 na gama shi cikin minti goma sha wani abu, na tsaya ina kallon yara suna kallona, gumi har cikin takalmi, ƙarshe na ce su tashi mu yi waƙa. Ke kuwa kin riga kin yi shekara uku gaban yara masu kuka da masu fitsari a wando, wannan ba zai ba ki tsoro ba, abin da za ki koya kawai shi ne sunayen abubuwan da kike yi da ka da kuma dalilinsu.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni digiri gareni a kimistiri, na yi bautar ƙasa a nan Legas na zauna, yanzu ina taya yayana harkar tumatur a Mile 12 da asuba, da rana kuma ina koyar da 'yan SS a wata makaranta a Ketu. Ɗalibaina suna cin WAEC sosai. Kwanan nan aka ce duk wanda bashi da TRCN ya nemo ko a sallame shi, na je yin rajista aka ce wai ban cancanta ba sai na yi PGDE. Fisabilillahi mai NCE ya cancanta ni mai digiri ban cancanta ba? Wannan ba raini bane? Daga ɗan Mile 12.

Amsa: Lafiya lau ɗana, ya kasuwa. Na ji zafin da ke cikin saƙonka, amma ba raini ba ne, kuma ka yi haƙuri ni ina bayansu a nan.

Ita TRCN hukuma ce ta rajistar malamai, an kafa ta da doka ta 31 ta shekarar 1993, aikinta kamar na hukumar likitoci ne ko ta injiniyoyi, ita ke cewa wane malami ne wane ba malami ba ne. Kuma abin da take dubawa ba yawan abin da ka sani ba ne kawai, tana duba ko an koya maka koyarwa. Digirinka shaida ce cewa ka san kimistiri, babu mai ja. Amma a shekara huɗun da ka yi a jami'a wa ya taɓa zaunar da kai ya nuna maka yadda ake gane yaron da bai fahimta ba alhali yana gyaɗa kai, ko yadda ake tsara tambayar jarrabawa da za ta auna fahimta ba hadda ba, ko abin da za ka yi da yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari sai kwatsam ta daina magana a aji? Mai NCE shekara uku ya yi ana dafa shi a kan wannan. Kai a kasuwar ku ma ai ka sani, wanda ya noma tumatur a Kadawa daban, wanda ya iya sayar da shi a Mile 12 kafin rana ta ɓata shi daban, kowa da iliminsa.

Ka ce ɗalibanka suna cin WAEC, madalla. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, su wa ke ci? In goma na gaba ne, waɗannan ko ba kai za su ci. Malami ana gane shi ne a kan na tsakiya da na baya. Na yi aiki da masu digiri na biyu waɗanda in suka shiga aji kamar rediyo, su yi ta zuba har a kaɗa ƙararrawa su fita, yara su cika littafi da rubutu ba abin da ya shiga. Ban ce kai haka kake ba, tunda har ka damu ka rubuto.

PGDE ɗin nan kuma ba wani dutse ba ne. Difloma ce ta koyarwa ga wanda ya riga ya yi digiri ko HND, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma akwai ta ta ƙarshen mako. Jami'ar Legas na yi, LASU ta Ojo na yi, jami'ar karatu daga gida NOUN na yi, NTI ma na yi. Za ka yi ilimin halayyar yara, tsarin manhaja, dabarun koyarwa, awo da gwaji, tarihin ilimi, sannan kai ma ka yi TP, wanda sau da yawa ana barin mai aiki ya yi a makarantar da yake. Da ka gama sai ka koma TRCN, kuma a nan ne hankalinka zai kwanta, domin suna da rukuni huɗu. A na masu digirin digirgir, B na masu digiri na biyu, C na masu digirin farko, D na masu NCE. Kai C za ka shiga, kenan digirin naka bai faɗi ƙasa ba.

Yadda ake yi, ka yi rajista a shafinsu na intanet, ka ɗora takardunka, ka biya kuɗin rukuninka ta hanyar da shafin ya nuna ka adana risit, sannan ka zauna jarrabawar cancanta da suke kira PQE wadda aka fara a 2017, a kwamfuta ake yinta kamar JAMB. In ka ci a ba ka satifiket da lasisi. Satifiket ɗin naka ne, lasisin kuwa duk shekara uku ake sabunta shi, mutane da yawa suna manta wannan sai ranar intabiyu su ga ya mutu.

Shi kuma mai makarantar taku, ka kai masa takardar shaidar ka samu gurbin PGDE, galibi in sun ga mutum ya kama hanya suna ɗaga ƙafa, musamman malamin kimistiri da ba a tsintarsa a titi. Gwamnatin tarayya ta taɓa sa 31 ga Disamba 2019 a matsayin wa'adin fitar da marasa rajista daga aji, wa'adin ya zo ya wuce kuma har yau suna nan cike da makarantu, wannan ya sa wasu ke ganin barazana ce kawai. Kar ka yaudari kanka da haka. Duk wani aikin koyarwa mai maiƙo yanzu, na gwamnati ko manyan makarantun Lekki da Ikoyi, lambar TRCN na cikin abin da ake fara tambaya.

Tambaya: Baba wani a kafen intanet yace in bashi dubu arba'in zai fito min da satifiket ɗin TRCN cikin sati ɗaya ba sai na rubuta jarrabawa ba, yace yana da mutum a ciki. In bayar? Daga Obalende.

Amsa: Kar ka bayar. Abin da zai ba ka takarda ce mai kyan launi da ya buga a injin bayan shagonsa. Kowane malami mai rajista yana da lamba a rumbun hukumar, mai ɗaukar aiki zai duba ya ga babu kai, daga neman aiki ka koma amsa tambayar 'yan sanda kan takardar jabu. Ka riƙe kuɗinka ka sayi data ka yi bitar tsofaffin tambayoyi. In matsalarka tsoron kwamfuta ne, ka ba yaron kafen ɗari biyar ya bar ka ka yi awa ɗaya kana koyon riƙe linzamin kwamfuta, wannan kaɗai ne abin da zai iya yi maka na halal.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamin Islamiyya ne a Idi-Araba, na haddace Alƙur'ani, na yi karatun zaure daidai gwargwado, shekarata 38. Boko iyakata firamare. Wata makaranta mai haɗa boko da addini ta so ɗaukata in koyar da Larabci da tajwidi amma suka ce ba takarda, ƙarshe suka ɗauki wani yaro wanda wallahi ko i'irabi bai iya ba saboda yana da NCE. Akwai mafita ga irinmu ko mun makara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alaramma, Allah ya ƙara wa Alƙur'ani daraja. Gafarta malam ba ka makara ba, gemu ba ya hana ilimi, kai ka fi ni sanin wannan.

Wannan abu yana ci min rai ƙwarai, domin na san alarammomi a Idi-Araba da Agege da Alaba Rago waɗanda in suka buɗe baki a nahawu sai mai digiri ya nemi wurin ɓuya, amma a takardar gwamnati ba su da suna. Ita gwamnati ba ta da ma'aunin karatun zaure, takarda kawai ta iya karantawa. To sai a ba ta abin da ta iya karantawa.

Akwai hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci ta ƙasa, NBAIS, wadda tushenta daga jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne. Tana shirya jarrabawar kammala babbar sakandare ta ɓangaren Larabci da addini har da tahfizi, kuma gwamnati ta amince da sakamakonta kamar na WAEC da NECO, ana shiga manyan makarantu da shi. Kaga a nan kusan rabin darussan a aljihunka suke. Inda aikin yake shi ne Turanci da lissafi, waɗannan sai ka durƙusa musu kamar yadda ka durƙusa wa allo kana yaro. Ka nemi ajin manya na yamma, ko ka yi musaya da wani malamin boko cikin iyayen ɗalibanka, kai ka gyara masa karatunsa shi ya ɗora ka a Turanci, na ga an yi haka kuma ta yi kyau. Ka sa shekara biyu a ranka don wannan matakin kaɗai. Sannan ka nemi makarantar Larabci mai rajista da hukumar da za ka zauna jarrabawar ta hannunta. Legas ba baƙuwar karatun Larabci mai tsari ba ce, ga Markaz nan a Agege ta marigayi Shehu Adam Al-Ilori wadda ya fara a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita nan, 'yan'uwanmu Yarbawa sun daɗe da gane haɗa ilimin da takarda, mu ne muka tsaya muna ganin kamar ƙasƙanci ne malami ya zauna a benci.

Bayan nan sai NCE a Larabci da ilimin addini, daga nan TRCN kamar kowa. In ka lissafa za ka kai arba'in da 'yan kai kafin ka gama. Sai me? Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kai shekarun ritayar malamai 65 ko shekara 40 na aiki, ko da yake sai jiha ta ɗauka take aiki a makarantunta. Aikin gwamnati yakan zo da iyakar shekaru wajen ɗauka, wannan kar in ɓoye maka, amma makarantun haɗaka irin wadda ta mayar da kai kullum ƙaruwa suke a Legas, kuma alaramma mai NCE su ne za su riƙa bin sa.

Yaron da aka ɗauka kuma, in da hali ka jawo shi ka koya masa i'irabin, 'ya'yan Musulmi ne a gabansa.

Tambaya: Barka da yamma Baba. Na yi NCE ɗina a Kano, Turanci da Hausa, har na yi rajistar TRCN kafin aure ya kawo ni Ijora. Shin takarduna suna aiki a nan ko sai na sake wata? Kuma gaskiya gwamnatin Legas tana ɗaukar Bahaushiya aikin koyarwa ko kar in wahalar da kaina? Daga amarya a Ijora.

Amsa: Barka kadai amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Takardunki suna aiki, ba za ki sake komai ba. NCE takardar ƙasa ce, hukuma ɗaya ce, NCCE, ke sa ido kan kwalejojin ilimi daga Sakkwato har Kalaba, TRCN ma ta tarayya ce. Ki duba ranar da ke jikin lasisinki kawai, in shekara ukun ta cika ki sabunta.

Ɗaukar aiki a nan hukuma biyu ce. Ta firamare LASUBEB ce da ke Maryland, ta sakandare kuma TESCOM, ita ta fi neman masu digiri, don haka da NCE ƙofar firamare za ki fi dubawa. In sun buɗe ɗauka ta intanet ake cikewa, a yi jarrabawa a kwamfuta, a yi intabiyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yanzu ki je ki yi katin zama ɗan Legas na LASRRA, ki tabbata sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a NIN da sakamakon sakandare da NCE da TRCN. Wannan matsalar ta fi kama matanmu, a wata takarda sunan uba, a wata sunan kaka, a wata an sa na miji, a wata kuma sunan garinsu, sai kwamfuta ta ga mutum huɗu. In akwai bambanci ki je kotu ki yi takardar rantsuwa tun kafin a buƙata.

Ko suna ɗaukar Bahaushiya? Ba zan ce miki da sauƙi ba, masu nema sun yi yawa kuma kowace jiha tana fara duba nata, mu ma a gida haka muke yi. Amma ki cike, fom ɗin da ba a cike ba dama ba a kiran mai shi. Kuma akwai makarantun gwamnati a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da yaran Hausawa suka cika su, yaro ya shigo aji ɗaya ba Turanci ba Yarbanci, malama tana magana yana kallonta, irin wannan wuri malamar da ke jin Hausa ba ƙaramar riba ba ce, in kin samu intabiyu ki faɗi wannan da bakinki kar ki tsaya kunya. Ki kuma fara koyon Yarbanci ko na gaisuwa da ciniki ne, tun 2018 jihar ta yi dokar wajabta koyar da shi a makarantu, kuma iyayen yara da abokan aiki da shi za su yi miki magana. Mafi ƙarancin albashin jihar naira 85,000 aka sanar a 2024, shi ya sa kowa ke rububin na gwamnati, makarantun kuɗi na cikin unguwa da yawa ba sa ko kusantar haka.

Kar kuma ki tsaya kan jiha kaɗai. Akwai makarantun tarayya irin su King's College da Queen's College da ta Ijanikin, akwai na barikin soja da na sojan ruwa, su ba ruwansu da ke 'yar wace jiha ce ta wannan fuskar. Kuma tunda amarci ne ba yara tukuna, wannan ne lokacin ɗora digiri, da NCE mai kyau JAMB na ba ki shiga kai tsaye aji biyu na jami'a.

Tambaya: Malam wai da gaske ne da TRCN mutum zai iya tafiya Ingila koyarwa? Ina koyar da lissafi a Apapa.

Amsa: Da gaske ne amma ba TRCN kaɗai ba. A Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya damar neman shaidar cancantarsu da ake kira QTS, a darussan lissafi da kimiyya da harsuna, kai kaga darasinka na ciki. Sai kana da digiri, da horon koyarwa, da gogewar aiki, sannan TRCN ta rubuta musu wasiƙar cewa kai malami ne mai rajista ba ka da tabo. Kuma QTS ɗin ba biza ba ce ba kuma aiki ba ce, bayan ka samu sai ka nemi makarantar da za ta ɗauke ka da kanka. Duk wanda ya ce ka kawo miliyan kaza ya haɗa maka duka, ka tambaye shi me ya hana shi tafiya.